Ƙishirwar Dada Hamsatu

Ranar Asabar ba a ba Dada Hamsatu ruwa bayan azahar. Ba likita ne ya hana ba, ba kuma azumi take yi ba. Ɗanta Abdulhakeem ne ya kafa dokar, saboda Asabar ce ranar da yake fita da matarsa Sumayyat cin abinci da jin kiɗa a cikin gari.

Daga Sorau aka kawo ta Mubi bayan hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki na dama. Hannu ɗaya ne ke aiki, ƙafa sai an ja ta, baki ya ɗan karkace amma magana tana fita. Aka sa ta a ɗakin baya inda ake ajiye buhun shinkafa da mataccen janareta, aka shimfiɗa mata katifa a ƙasa da leda a kai. Dangi suka yi ta sa wa Abdulhakeem albarka. Yaro mai digiri biyu, yana aiki da wata ƙungiya mai koya wa mutanen karkara tsabta da kula da marasa lafiya, ga shi ya ɗauko uwarsa ya kawo gidansa. Me kuma ake nema a wurin ɗa?

Asabar ɗin farko da suka fita suka kulle ta, sun dawo suna dariya, Sumayyat na riƙe da ledar ragowar kifi. Tun daga falo zarni ya tare su. Ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Wallahi duk abin da na ci zai dawo. Hakeem, je ka duba ta."

"Ni? Uwata ce fa. Kin san bai halatta in ga jikinta ba."

"Ni kuma ya halatta in wanke fitsari da leshi a jikina ko?"

Ta wanke ɗin, tana buga bokiti da ƙasa, tana jan tsaki. Dada ta juyar da fuska bango har aka gama. Da Sumayyat ta fito tana goge hannu da man ƙamshi, sai ta tarar da mijinta a kan kujera yana murmushi kamar wanda ya ci jarrabawa.

"Na samo mafita," ya ce. "Abin da bai shiga ba ai ba zai fita ba. Ranar da za mu fita, daga azahar a ɗauke kofin."

Ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi, "Kai dai ka san uwarka."

Ya kuwa san ta. Dada Bafulatana ce irin ta da, kuma Abdulhakeem ne ɗanta na fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Shi" take cewa, ko "mai gidan nan". Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta roƙonsa komai, balle ta buɗe baki a gaban suruka ta ce tana jin ƙishirwa. Duk wanda ya tashi a Sorau ya san yadda ake yi da irin waɗannan tsofaffi: ba a tambayarsu. Ajiye musu ake yi kusa da hannu, a juya baya a fita, in an dawo a tarar da kwano wayam. Abdulhakeem a Sorau ya tashi. Ya san haka sarai. Shi ya sa yake tambaya.

Bayan magariba zai tsaya a bakin ƙofar, shadda na walƙiya, makullin mota na juyawa a ɗan yatsa.

"Dada, za mu ɗan fita. Kina buƙatar wani abu? Ko ruwa?"

Takan dubi tabarmar salla, ba ta dubansa. "A'a. Ku dawo lafiya."

Sai ya ɗaga murya yadda za a ji daga falo. "Sumy, kin ji da kunnenki ko? Ta ce ba ta so."

Duk da haka ledar katifa ba ta daina jiƙewa ba. Sumayyat ce ta gano dalili: butar alwala tana ƙarewa, amma robar da ake tara ruwan alwalar busasshiya take. Tsohuwa sha take yi. Washegari Abdulhakeem ya tsaya a bakin mayo, wato kogi, ya zaɓo dutse mai santsi, ya wanke shi, ya kawo ya ajiye a gefen katifa, ya durƙusa kamar mai ladabi.

"Dada, addini ya yi sauƙi. Mara lafiya taimama yake yi. Ba sai kin wahalar da kanki da buta ba."

Ta daɗe tana kallon dutsen. Sannan ta ce, "Allah ya saka."

Ya ɗauki butar ya fita da ita.

Zafin Mubi ya shigo, irin wanda kwanon rufi ke ƙara da rana, mutum mai lafiya ma yana yawo da ruwan leda a aljihu. A lokacin ne dokar Asabar ta fara yaɗuwa. Juma'a Sumayyat, da yake sana'ar kek take yi, na da kek ɗin biki da za ta kai, ba ta da lokacin wanki. Lahadi ranar hutu ce. Sauran ranakun kuma, tunda an ga abin yana aiki, me zai sa a canja? Kofi ɗaya da safe na haɗiyar magani, wani da rana tare da abinci, shi ke nan.

Leɓunan Dada suka tsage, suka yi ɓawo. Harshe ya yi kauri har kalma ba ta fita daidai. Tuwo ya daina wucewa, sai ta tauna ta tauna ta tura gefen kunci. Idanu suka faɗa ciki. In an ja fatar hannunta sai ta tsaya a tattare kamar tsohuwar takarda. Ɗan fitsarin da ya rage ya koma launin shayi. Ta fara mance raka'ar da take, wani lokaci da tsakar rana a ji ta tana kiran sunayen shanun da aka sayar tun tana amarya.

"Rikicin tsufa ne ya fara," in ji Abdulhakeem.

"Ga shi yanzu ɗakin ba ya wari," in ji Sumayyat. "Ko baƙo ya zo ba a jin kunya."

Tagar ɗakin tana kallon bayan gidan Dorathy, wata tela da ke haya ita da mijinta. Wata Asabar da yamma tana kwashe shanya sai ta ji ana goga wani abu da siminti, a daina, a sake. Ta jawo turmi ta hau ta leƙa. Tsohuwa ce kwance a gefe ɗaya, ta miƙa hannun da ke aiki, tana jan kofin roba marar komai tana kai shi baki.

"Mama! Mama, kina son ruwa?"

Dada ta saki kofin, ta ja zane ta rufe ƙafa. "A'a, 'yata. Na gode."

Dorathy ta yi zama da Fulani a ƙauyensu. Ba ta sake tambaya ba. Ta ɗauko ruwan leda, ta tura ta inda ragar tagar ta yage, ya faɗa kan katifa, ta sauka daga turmin ta tsaya tana saurare. Can sai ta ji tsotso, da wani nishi kamar na jinjiri.

Da safe Abdulhakeem ya ga ledar ruwan a ƙarƙashin matashi, ya ga katifa a jiƙe. Ko hula bai sa ba ya buga ƙofar maƙwabta.

"Madam Dorathy, wa ya sa ki?"

"Oga, wa ya sa ni me? Mutum na jin ƙishirwa, na ba shi ruwa."

"Kin san tana kan magani? In wani abu ya same ta, ke za ki amsa?"

"Wane magani ne ba ya son ruwa? Faɗa min sunansa in tambaya a kemis."

"Kin san aikina kuwa? Ni nake horar da mutane a kan kula da marasa lafiya."

"To ka horar da kanka mana, tunda kusa kake."

Kafin la'asar kafinta ya zo ya buga wa tagar katako. Abdulhakeem ya ce wa kafintan saboda sauro ne. Mijin Dorathy kuma ya ja ta ciki ya ce, "Haya muke a layin nan. Gobe a ce kin ba tsohuwar mutane wani abu, maganar ta juya ta zama ta addini, ina za mu shiga? Ki kama bakinki."

Ranar kasuwar shanu Kawu Bobboi, ƙanin Dada, ya shigo Mubi ya biyo duba yayarsa, da ƙwaryar kindirmo a leda. Tun da ya yi waya aka shiga gyara. Aka canja wa Dada zane, aka shafa mata mai a leɓe, aka kunna turaren wuta. Sumayyat ta kawo babban jug cike da ruwa da ƙanƙara ta ajiye a gefen katifa, raɓa na gangarowa a jikinsa. Abdulhakeem ya shigo ya zauna a bakin ƙofa, bai motsa ba har aka gama ziyarar. Ya san ba za ta miƙa hannu ba yana wurin.

Bobboi ya tambaye ta jiki da Fulatanci. Ta ce jam, lafiya. Ya tambaye ta ko ana kula da ita. Ta ce jam. Idonta na kan jug ɗin, ta ɗauke, ya sake komawa. Bobboi ya ga leɓunan da mai bai iya ɓoyewa ba. Ya yi addu'a ya tashi. Yana fita daga ɗakin jug ya koma firij, kindirmon kuma Sumayyat ta ce zai ɓata wa Dada ciki, gara su sha da fura.

Dorathy ta tare shi a bakin titi yana jiran keke.

"Baba, ka yi haƙuri, ni maƙwabciya ce. Ba sa ba Mama ruwa. Ka tafi da ita."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Ita ta faɗa miki da bakinta?"

"Ba za ta faɗa ba, kai ma ka sani."

"Da idona na ga ruwa a gefenta, har da ƙanƙara."

"Ka ga ta sha?"

Bobboi ya gyara rawani, ya duba hanya. Ɗansa ya gama makaranta, kuma Abdulhakeem ya yi alkawarin yi masa hanyar aiki a ƙungiyarsu. Keke ya tsaya.

"Allah ya ba ta lafiya," ya ce, ya shiga.

Asabar ɗin da ta biyo baya ita ce ranar zagayowar aurensu. Sumayyat ta yi lalle, ta je an ɗaura mata ɗankwali. Tun safe Dada ba ta taɓa abinci ba, jikinta ya yi zafi, numfashinta na fita da sauri. Abdulhakeem ya leƙa, ya yi tambayar da ya saba. Wannan karon ba ta amsa ba, leɓunanta ne kawai suka motsa.

"Barci take," ya ce. Ya ja ƙofa, ya sa kwaɗo a get.

Lambun cin abincin yana gefen gari, an rataye ƙananan fitilu masu launi a jikin bishiyoyin darbejiya. Tebura da farin ƙyalle, fankoki masu fesa ruwa suna juyawa don kada kwalliyar mata ta narke. Aka kawo musu farfesun kayan ciki da soyayyen dankali kafin gasasshen kifi ya iso. Aka jera zoɓo mai sanyi, kunun aya, da gorunan ruwa a cikin bokitin ƙanƙara. Sumayyat ta buɗe gora ɗaya ta wanke yatsunta a kan ciyawa. Suka haɗa kai suka ɗauki hoto, ta ɗora a waya ta rubuta a ƙasa cewa aure sai da kulawa.

A kan dandamali akwai mai piyano, mai ganga, da wani mawaƙi mai garaya wanda ya san kowa da asalinsa. Da ya hango Abdulhakeem sai ya sauya kiɗa, ya gangaro yana taku.

"Ga na Sorau! Ɗan Hamsatu, mai riƙon uwa! Wasu sun kai tasu ƙauye sun manta, shi ya ɗauko tasa ya sa a inuwa!"

Wuri ya ɗauki tafi. Abdulhakeem ya miƙe yana rawa da kafaɗa, yana manna wa mawaƙin sababbin kuɗi a goshi. Wata mata a teburin kusa ta zunguri mijinta ta ce, "Ka ji 'ya'yan albarka."

A daidai lokacin Dorathy na bayan gidanta tana wanke tukunya. Ta ji murya ta bayan katakon, busasshiya kamar ana jan kara a ƙasa. Ta matsa ta kara kunne.

"Abdulhakeem."

Can kuma, "Abdulhakeem. Ndiyam." Ruwa ke nan da Fulatanci.

Tukunyar ta suɓuce daga hannun Dorathy. Ta ɗauko waya ta kira shi. Wayar na kife a kan tebur kusa da zoɓo, tana rawa, ba wanda ya kula. Ta yi ta kira har ya dawo mazauninsa yana goge gumi ya ɗaga.

"Oga, ka zo yanzu. Mama tana kiran sunanka."

Ya yi dariya. "Ƙarya kike. Dada ba ta kiran sunana."

"Na rantse da Allah. Abdulhakeem take cewa. Tana neman ruwa."

Dariyar ta tsaya. Ya zauna riƙe da wayar a kunne, yana kallon bokitin ƙanƙara. Babu wanda ya fi shi sanin abin da zai sa matar nan ta furta sunan da ta riƙe a ciki tun ranar suna.

"Wace ce?" in ji Sumayyat.

"Telar nan."

"Ita dai ba ta gajiya. Hakeem, kifin ma bai zo ba fa. Kuma sun ce za su kira mu mu yanka kek."

Ya mayar da baki kan waya. "Muna zuwa," ya ce, ya kashe ta gaba ɗaya.

Kifin ya zo. Suka ci. Aka kira su suka yanka kek, mai garaya na zagaya su.

A layinsu kuwa Dorathy ta tara mutane da ihu. Maza suka fito daga masallaci bayan isha'i suka tsaya a gaban get ɗin suna kallon kwaɗo. Katangar doguwa ce, an kafa mata fasassun kwalabe. Wani ya ce a kawo guduma. Wani dattijo ya ce ba a fasa gidan mutum ba ya nan, in wani abu ya ɓace wa zai ɗauki laifi? Wani ya ce ai mai gidan ya ce suna zuwa. Mijin Dorathy ya riƙe mata hannu da ta ɗauko taɓarya za ta nufi tagar. Suka tsaya suna jira, har muryar ta daina fitowa.

Sai da dare ya raba suka dawo, aka kwashe ta zuwa asibiti. Likitar ta ja fatar hannun Dada, ta buɗe bakinta ta haska, ta juyo.

"Yaushe rabon baiwar Allahn nan da ruwa?"

"Likita, ba ta so ne," in ji Abdulhakeem. "Kullum sai na tambaye ta. Ga matata nan, shaida ce."

"Wallahi kullum sai ya tambaya," in ji Sumayyat, ɗaurin ɗankwalinta ko gocewa bai yi ba.

An nemi jijiya da ƙyar aka sa mata ƙarin ruwa, amma ƙoda ta riga ta tsaya. Ranar Litinin da hantsi Dada Hamsatu ta cika, ba ta sake cewa komai ba.

A zaman makoki an kafa rumfa, an jera kujeru. Abokan aikinsa suka zo da motar ofis. Liman ya ce Abdulhakeem ya yi abin da ake so ɗa ya yi, ya riƙe uwarsa har ƙarshe. Kawu Bobboi ya ce amin da ƙarfi. Dattijon da ya hana a fasa kwaɗo ya ce kwana ne ya ƙare. Kowa ya gyaɗa kai.

Kwana ne ya ƙare, haka ne. Amma ba kwana ne ya ɗauke kofi ba, ba kwana ne ya kira kafinta ba. Ba wanda ya ce miji da mata kada su fita su ci kifi su ji garaya. Su fita, Allah ya ƙara danƙon ƙauna. Abin ƙyama shi ne ɗan da ya san kunyar uwarsa ciki da waje, ya ɗauke ta ya mayar da ita igiyar da zai shaƙe ta da ita, sannan ya nemo hujja daga addini ya ɗora a kai. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Ƙanin da ya ga leɓe a tsage ya tuna da aikin ɗansa yana ciki. Mazan da suka fi jin nauyin kwaɗo a kan ran mutum suna ciki. Mu ma da muke jin nishi ta bayan katanga mu ƙara sautin talabijin, mu ce harkar gidan wani ce, muna ciki. Muna alfahari da tsofaffinmu masu kunya, waɗanda ba sa roƙo, ba sa kai ƙara. Mun taɓa tambayar kanmu wa wannan shirun yake yi wa amfani? A layinku akwai ɗakin baya. Ka san wanda ke ciki, ka kuma san rabonka da ganinsa a waje.

Ranar jana'izar famfo bai kawo ruwa a unguwar ba. Goggo Saude, mai wankan gawa, ta aiko a ce tana jiran ruwa. Abdulhakeem da kansa ya fita titi da gudu ya tare 'yan garuwa, ya ce su juye duk abin da ke cikin kurarsu, kada su rage. Aka yi ta shiga da bokitai ɗakin baya, har ruwa ya malalo ta ƙarƙashin ƙofa ya bi tsakar gida. Goggo Saude ta leƙo ta ce ya isa.

"A ƙara mata," ya ce, yana share hawaye a gaban mutane. "Uwata ce."